Mai Koriyar Mota

Wata bakwai ke nan Tencha ba ta kira sunan mijinta ba. "Bawan Allah" take ce masa. In ya kawo mata kofi da safe sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya cikin ladabi, sannan ta tambaye shi ko masu gidan sun san yana shigar musu kicin. Shekara hamsin da ɗaya mijin nata Chebo ya yi yana kwana ɗaki ɗaya da matar nan. Ya san tarinta, ya san ƙafar da take fara saukewa daga gado, amma yanzu sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shiga. Likita ya ba ciwon wani suna mai tsawo, Chebo bai taɓa riƙe shi ba, shi dai abin da ya sani mantuwa ce ke cin matarsa kullum kaɗan-kaɗan.

Ranar Talata yana ban-ɗaki ta buɗe ƙofa ta fice da rigar barci. A bakin magudanar ruwan gonakin auduga aka tsince ta, takalmi ɗaya a ƙafa. Kafin la'asar 'yarsu Griselda ta iso daga birnin Chihuahua, ko jaka ba ta ajiye ba ta fara magana.

"Baba, ba shawara na zo mu yi ba. Ranar Litinin zan tafi da Mama. Na gyara mata ɗaki, na samu matar da za ta riƙa zama da ita."

"Ni fa?"

"Kai ma ka zo mana, wa ya hana ka?"

"In zo a matsayin wa? Baƙon da ke kawo kofi?"

Griselda ta ajiye jakarta. Chebo bai ƙara yi mata gardama ba, don ya san gaskiya ta faɗa, ƙarfinsa ya ƙare. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: kada a ɗauke ta daga gidan nan ba ta sake cewa "Chebo" ba, ko da sau ɗaya ne, ko da cikin faɗa ne.

Washegari suna kicin, ɗan rediyon kan firiji na ta surutu, sai Don Fidencio, tsohon da ke gabatar da shirin gaishe-gaishe tun muna yara, ya sanar cewa Lahadi mai zuwa ce ta ƙarshe. An sayar da filin da dogon ƙarfen tashar yake, ƙarfe bakwai na yamma za a kashe injin, shi ke nan an gama da matsakaicin zango a garinmu Las Norias. Da ya gama sai ya saki tsohon kiɗan buɗe shirin. Tencha da ke zaune tana ninke tsumma ɗaya tun safe ta ɗago kai, ƙafarta ta fara bin kiɗan.

"An fara?" ta ce. "Ina takalmina?"

Chebo ya saki cokalin da ke hannunsa.

Yaran yanzu ba za su gane ba, su da kowa ya toshe kunnensa da tasa waƙar. A zamanin su Chebo, in biyar ta yamma ta buga ranar Lahadi, duk saurayin da ya iya samun mota sai ya shigo layi, tasa ce, ta ubansa ce, ko akori-kurar kai auduga ce aka wanke da sabulu. Daga gidan mai a gangaro dandali, a kewaye shi, a koma gidan mai, a sake gangarowa. Ba inda za a je. Mai yana ƙonewa a banza, ana tafiya kamar masu rakiyar gawa, amma bakin kowa har kunne. Gidan rediyo ɗaya ne a garin, saboda haka waƙar da ke tashi a motar gaba ita ce a ta baya, titin gaba ɗaya ya ɗauka. 'Yan mata kuwa suna bencinan dandali riƙe da gurzajjiyar ƙanƙara mai ruwan tsamiya, suna yin kamar ba su ga kowa ba, alhali sun ƙirga motocin tsaf.

Da yake iyaye ma suna jin rediyo a gida, ba mai hankalin da zai sa sunansa ko na yarinya a takardar gaisuwa. Da mota ake sa hannu. "Daga mai jar akori-kura zuwa ga mai dogon kitso." A rubuta, a zura ta ramin ƙofar tashar kafin tsakar ranar Asabar. Kuma abin yana da ƙa'idarsa: zagayen farko ba a kallon juna, na biyu saurayi ya ƙyafta fitila, na uku in yarinya ta yarda sai ta taso ta bi gefen motar da ƙafa, a yi magana iyakar tsawon dandalin. Mota ba ta tsayawa. Wanda ya tsaya ya ja wa yarinya surutu har gidan ubanta.

A cikin motocin akwai wata koriya ta wani saurayi, Nicanor, ubansa ya mutu ya bar masa. Sai dai shan inna ya taɓa ƙafarsa ta dama tun yana ƙarami, ba ya iya taka birki. Chebo kuma ɗan leburan gona ne, ko keke ba shi da shi, amma ya koyi tuƙi a kan tarakta. Sai suka haɗa, mota ta Nicanor, ƙafa ta Chebo. Nicanor na kujerar gefe yana lallaɓa rediyon, wanda ya fi akuya taurin kai. To, a garinmu dandali a hannun hagu ake barin sa in ana kewayawa, wato ɓangaren direba. 'Yan matan benci fuskar Chebo suke gani da gwiwar hannunsa a kan taga. Nicanor yana can ciki, a inuwa.

Lahadi goma sha ɗaya a jere Don Fidencio yana karanta gaisuwa "daga mai koriyar mota zuwa ga mai farin takalmi." Duk Nicanor ne ya rubuta, shi ya zaɓi waƙoƙin, Chebo ne ma ke kai takardar don ƙafarsa ta fi sauri. A ta goma sha biyu, zagaye na uku, Hortensia 'yar mai gidan burodi, wadda kowa ke ce wa Tencha, ta taso da farin takalminta ta nufo tagar direba. Abin da ya kamata Chebo ya faɗa bai fi kalma shida ba: ba ni ba ne, ga shi. Ya dube ta, ya ce, "Sannu." Nicanor ya sunkuya yana murɗa rediyo kamar tasha ce ta gudu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nicanor bai zo ɗaurin auren ba. Ya buɗe shagon gyaran rediyo layi uku daga gidan Chebo, ya yi aure sau ɗaya bai kai shekara biyu ba. Tun daga nan in sun haɗu a hanya da haɓa suke gaisawa. Chebo kuwa bai taɓa gaya wa matarsa ba. Sau da yawa ya ɗauko maganar, sai ya ji tana rera ɗaya daga cikin waƙoƙin nan tana wanke-wanke, ya mayar da ita ciki. Ga shi yanzu komai ya zube mata, gidan da ya gina, 'ya'yan da suka haifa, sunansa, sai abu ɗaya da ya rage, waƙoƙin, kuma abin nan ba nasa ba ne. Wannan ya ƙona masa rai ƙwarai, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar Alhamis ya sa hularsa ya nufi shagon.

Nicanor na zaune bayan tebur cikin tulin matattun akwatunan rediyo da ba mai zuwa karɓa, sandarsa jingine a bango. Bai ɗago ba.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To me ya kawo direba?"

"Motar nake so. Ranar Lahadi, awa biyu kawai."

"Kai da ka saba aro ba ka mayarwa?"

Chebo ya haɗiye ta, don ya san ya ci bashinta. Ya cire hula ya faɗa masa komai, magudanar ruwa, Griselda, Litinin, da yadda ƙafar Tencha ta bi kiɗa. Da ya zo kan "bawan Allah" muryarsa ta karye, ya ji haushin kansa. Nicanor ya daɗe yana juya wani ƙaramin sukurudireba a hannu.

"Ta taɓa tambaya ta?"

"Ko ni ba ta tambaya."

"Ai kai dama ba abin tambaya ba ne." Ya jawo sandarsa ya miƙe. "Zo."

Motar na bayan shagon a rufe da tamfol. Chebo ya zaci zai tarar da kaji sun yi ƙwai a ciki, sai ya ga fenti na sheƙi, tayoyi cike da iska. Bugu ɗaya ta tashi.

"Kai da ba ka tuƙi, wa ke kula da ita haka?"

"Na ce maka tuƙa ta nake yi? Zama nake yi in ji rediyo." Nicanor ya shafa ƙofar gefe. "Da ni za a je. Akwatin nan ba ya jin hannun kowa sai nawa."

Abin da Chebo ke tsoro ke nan tun daga gida. In matar da ta manta shi ta ga Nicanor ta gane shi fa? Amma mai roƙo ba ya zaɓe. Ya zaro takardar da ya kwana yana rubutawa ya miƙa. Nicanor ya sa tabarau ya karanta a fili.

"'Daga Eusebio, mijinki.' Wannan rubutu ne ko kaza ce ta bi ta kan takardar? Kuma wane ne Eusebio? Ko lokacin da take da hankalinta ba ta kiran ka haka."

"To me zan sa?"

"Abin da aka saba."

Ya yage takardar, ya ɗauko wata ya rubuta da hannunsa mai kyau kamar na malamin makaranta, ya zaɓi waƙar da kansa, ya ninke ya miƙo. Chebo ya kai ta tashar ya zura ta ramin ƙofa, yadda ya riƙa yi yana ɗan shekara goma sha tara, da irin nauyin da ke ƙirjinsa a wancan lokacin.

Ranar Lahadi biyar saura kwata suka tsaya a ƙofar gidan. Chebo ya sha aski, ya sa farar riga. Griselda ta fito da uwarta a hankali, fuskarta na cewa ban yarda da wannan shirme ba amma na ƙyale ku. Chebo ya buɗe ƙofar baya, ya kama hannun Tencha ya zaunar da ita, ya rufe. Ko giya bai sa ba ta fara dukan gilashi.

"Ku sauke ni! Su wane ne ku? Babana zai yanka ni! Ni ba irin waɗannan 'yan matan ba ce, ku sauke ni na ce!"

Tana ta neman hannun ƙofa ba ta samu ba. Griselda ta fizge ƙofar ta rungume ta, ta juyo da idanu jajur.

"Baba, ya isa! Ka ga abin da ka ja? Don kai ka ji daɗi za ka kashe ta da tsoro?"

Chebo ya tsaya da makulli a hannu, ya rasa inda zai sa kansa. Sai Nicanor ya leƙo ta taga.

"Kai dai har yau kan tarakta kake. Yaushe ka taɓa ganin ta a cikin motar nan? 'Yar mutunci tana shiga motar samari?"

Gaskiya ne. Tencha ba ta taɓa sa ƙafa a koriyar motar ba. Ranar farko da ta zauna mota ɗaya da Chebo ranar aurensu ce, ita ma ta kawunta ce. Shekarun da ya yi yana kai ta kasuwa da asibiti ne suka mantar da shi.

"'Yata," Nicanor ya ce wa Griselda, "ki bari ta huce, ki kai ta dandali. Benci na uku daga rumfar mai ƙanƙara. Ki saya mata mai tsamiya. Tana da farin takalmi?"

"Sai na roba da aka ba ta a asibiti."

"Shi ma fari ne."

Griselda ta dubi ubanta, ta dubi farar rigarsa da sabon askinsa. "Sau ɗaya," ta ce. "In ta sake firgita mun tafi gida."

Daga gidan mai suka fara, kamar da. Nicanor ya kunna rediyon ya jira ya yi ɗumi, don irin na da ne, ba a yi masa gaggawa. Shuuu ta cika motar. Ya kwantar da kunne, ya murɗa kaɗan, ya ɗan buga gefen akwatin da yatsa biyu, sai ga muryar Don Fidencio ta fito daga cikin hayaniyar, ta sirance, ta tsufa, amma ita ce. Suka sauke gilasai.

Titin bai san su ba. Inda gidan sinima yake shagunan waya ne, 'yan babur na ta kutsawa, an jera tudun rage gudu duk taku ashirin. Ba wata mota da ke jin abin da suke ji. Wani mai babbar motar kaya ya danna musu ham daga baya, ya leƙo yana ihu ko kakanni sun ɓata hanyar maƙabarta ne. Nicanor ya ɗaga masa sanda ta taga.

A zagayen farko Tencha na benci kusa da Griselda, kofin ƙanƙara a hannu, tana kallon tantabaru. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ba ta gan mu ba," in ji Chebo.

"Ƙa'ida ce, wawa. Na farko ba a kallo."

Daga shi har mai faɗar ba wanda ya gaskata. A na biyu Chebo ya ƙyafta fitila sau biyu, duk da rana ba ta faɗi ba. Yaran da ke bencin kusa suka ɗaga wayoyi suna ɗaukar motar hoto. Tencha na lasar cokali.

Kuma ba a karanta takardarsu ba. Ashe duk tsofaffin garin sun rubuta, mai jar akori-kura, mai motar da ba ta da ƙofa, wasu zuwa ga matan da suka daɗe a ƙasa. Don Fidencio na karantawa yana tsayawa yana fyace hanci. Ba a yin na uku ba waƙa, don haka suka raɓe a gidan mai, inji na aiki, suna kallon agogo. Shida da rabi. Bakwai saura kwata. Gumi ya jiƙe farar rigar Chebo.

"In ta taso zan gaya mata," ya ce.

"Gaya mata me?"

"Cewa kai ne. Duk takardun."

"Yanzu?" Nicanor ya yi wata dariya mara daɗi. "Ka ajiye gaskiya shekara hamsin har ta ruɓe, sai yau da matar ba ta san ranar da ake ciki ba za ka kai mata? Riƙe abarka. Ni abu ɗaya na sani, da shi nake kwana nake tashi: waƙoƙina ta aura. Kai dai ka kai su gida ne, aikin direba."

Chebo shi ma abin da ya yarda da shi ke nan duk tsawon rayuwarsa.

Bakwai saura minti tara aka ji ƙarar Don Fidencio yana buɗe takarda. "Kai, kai, kai," ya ce. "Wannan hannun na san shi. Jama'a, ashe da sauranmu. Daga mai koriyar mota, zuwa ga mai farin takalmi." Kiɗa ya shigo, wata tsohuwar waƙa mai jan rai, ta mutumin da ke roƙon a binne shi a inda masoyiyarsa ke wucewa.

"Ja mu je," in ji Nicanor, ya ƙure muryar rediyon.

Tun daga kwanar coci Chebo ya hango ta. Ta ajiye kofin a benci. Kanta a ɗage yake, tana neman inda waƙar ke fitowa. Da koren hancin motar ya shigo dandali sai ta gyara gashinta da hannu ɗaya, ta miƙe. Griselda ta kai hannu za ta riƙe ta, ta fasa, ta biyo ta a baya. Chebo ya sauke gudu har motar na neman mutuwa, gwiwar hannunsa a kan taga ba tare da ya san ya ɗora ta ba. Farin takalmin roba ya sauko daga dakali ya jera da ƙofarsa.

Ta dafa tagar tana tafiya. Ta sunkuyo. Ba shi ta kalla ba, ta gabansa ta leƙa zuwa kujerar gefe.

"Nica," ta ce.

Chebo ya kafa ido a kan titi. To, ga shi nan, abin da ya jawo wa kansa da hannunsa. Ya riƙe sitiyari da ƙarfi don kada ya kai su kan dakali.

"Na'am, Tencha," in ji Nicanor, muryar kamar ba tasa ba.

"Na gode da waƙa. Amma don Allah ka daina, ka ji? Sati nawa ke nan, daga kabari sai mutuwa sai kuka. Shekarata sha bakwai fa, ba takaba nake yi ba. Tun ta farko ƙanwarka Ofelia ta gaya mini kai ne. Kai mutumin kirki ne, Nica, amma ni ba don waƙa nake zama a bencin can ba."

Sai ta kai wa gwiwar hannun da ke kan taga ɗan mari.

"Kai kuma, Chebo, bebe ne kai? Kullum ka wuce da hannu a waje kamar wani gwamna, ko sannu ba ka iya ce wa mutum ba?"

Ya buɗe baki. Yana da maganar shekara hamsin da ɗaya a ciki, ba wadda ta fito sai ɗaya.

"Sannu," ya ce.

Ta ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ya manta tana da ita. Hawaye ya rufe masa hanya, bai share ba don kada ya ɗauke hannunsa daga ƙarƙashin nata. Sun kusa ƙarshen dandali.

"Lahadi mai zuwa za ku zo?"

Nicanor ne ya amsa, idonsa a kan rediyo. "Za mu zo." Sannan ya yi ƙasa da murya. "Ja mota, direba. Ba a tsayawa, za ka ja mata surutu."

Chebo ya ja. A madubi ya ga Griselda ta kama hannun uwarta tana share fuska da gefen riga.

Ba su kai gidan mai ba waƙar ta ƙare. Don Fidencio ya ce wani abu da ba su ji sosai ba, ya yi wa jama'a sai wata rana, sai shuuu. Nicanor bai kashe ba, bai kuma murɗa ba. Suka yi ta tafiya cikin wannan ƙarar. Chebo ya samu abin da ya zo nema har da ƙari, amma ya kasa jin daɗinsa a gaban mutumin da aka ƙwace wa nasa a cikin numfashi ɗaya.

"Nicanor..."

"Rufe mini baki." Ya juya fuska ga taga. "Ofelia. Shekara ashirin ina kai mata furanni kabari, ashe munafuka ce." Ya yi ƙoƙarin dariya, ta ƙi fitowa. "Tun ta farko. Da Tencha ta bari na mutu da abina, me zai rage ta da shi?"

"Ban san ta sani ba. Na rantse."

"Na san ba ka sani ba, ai kai ba ka taɓa sanin komai ba. Yanzu wa zan ƙi? Ka gaya mini, da wa zan riƙa kwana a raina?"

Chebo ya mayar da motar bayan shagon, ya taimaka aka ja tamfol. Da ya miƙa makulli Nicanor ya karɓa bai dube shi ba, ya ce ya tafi, suna jiran sa.

Ya dawo dandali da ƙafa, da sauri, yana haki, ko zai tarar da sauran tunawar a tare da ita. Suna bencin, an fara kunna fitilun titi. Tencha na ninke takardar da aka naɗo kofin ƙanƙara da ita, tana warwarewa tana sake ninkewa. Ya tsaya a gabanta, ya cire hula. Ta ɗago ta dube shi da ladabi.

"Bawan Allah, ba ka ga wata koriyar mota ba?"

"Na gan ta."

"Ka san direban?"

Griselda ta kau da kai. Chebo ya ce ya san shi.

"To in kun haɗu ka ce masa ranar Lahadi ina nan, benci na uku. Kada ya makara."

"Zan gaya masa," in ji Chebo. Ya miƙa mata hannu, ta yi ɗan jim, sannan ta yarda baƙon ya raka ta gida, inda jakunkunanta biyu ke jere a bakin ƙofa tun safe.